Murhun ƙirare ko rishon gwangwani? Amsoshin tambayoyin masu tafiyar ƙafa da kwanan daji a ƙasar Kabi

Duk shekara, da zarar ruwa ya ɗauke, sai tambayoyi su fara shigowa daga samarin da ke son bin mu tafiyar ƙafa ta bakin Gulbin Kabi, mu tashi daga Argungu mu gangara Birnin Kebbi, da kuma masu shiga fadama aikin awon gonaki su yi kwana uku ko huɗu ba su ga kasuwa ba. In ka cire zancen takalmi, babu abin da ake tambaya kamar abin girki. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa a nan. Yawancin shawarwarin da kuke gani a intanet mutanen ƙasashen ƙanƙara ne suka rubuta su don ƙasarsu, mu kuwa rana da iska da busasshiyar ciyawa ne abokan tafiyarmu, saboda haka amsoshina za su saɓa da nasu a wurare da yawa.

Wai waɗanne irin murahu ake nufi?

Iri biyu ne, duka masu shiga jakar goyo. Na farko murhun ƙarfe ne ɗan ƙarami, bai fi gwangwanin madara na gari girma ba, ana zuba masa ƙirare masu kaurin yatsa. Nagarin cikinsu bango biyu gare shi: iska na shiga ta ramukan ƙasa, ta yi zafi a tsakanin bangayen, ta fito ta wasu ramuka a sama ta ƙone hayaƙin da itacen ya fitar. Shi ya sa in ya kama sosai za ka ga harshen wuta na fitowa daga ramukan nan kamar na gas, hayaƙi kuma ya ragu ƙwarai.

Na biyu kan risho ne da ake murɗawa a bakin gwangwanin gas. Gwangwanayen suna zuwa a giram 100, da 230, da 450, kuma in ka ga an rubuta EN 417 a jikin mai bakin murɗawa, to kan rishon kowane kamfani mai irin wannan baki zai hau shi. Akwai kuma dogon gwangwani mai kama da na maganin sauro, mai giram 220, wanda ake kwantarwa a cikin risho mai faɗi. Shi aka fi samu a shagunan kayan girki, amma rishonsa na kan tebur ne, ba na mai tafiya da ƙafa ba.

Wanne ya fi nauyi a jaka?

Kan risho irin MSR PocketRocket 2 giram 73 ne. Gwangwani mai giram 230 in yana cike yana kai wajen giram 380, domin ƙarfen kansa ya kai giram 150, kuma wannan ƙarfen za ka dawo da shi gida ko da gas ya ƙare. Murhun ƙirare mai bango biyu, irin Solo Stove Lite, kimanin giram 255 ne, makamashinsa kuwa yana zube a ƙasa yana jiran ka.

A tafiyar kwana biyu bambancin bai kai a yi gardama ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma a watan Maris ba ka isa ka kama hanya da ƙasa da lita uku a bayanka ba. Wanda ke ɗauke da kilo uku na ruwa yana ƙorafin giram ɗari biyu, ai neman magana yake yi. Sai tafiya ta wuce kwana biyar, inda za ka buƙaci gwangwani na biyu da na uku, sannan murhun ƙirare ke fara nuna ribarsa.

Gwangwani ɗaya zai yi mini kwana nawa?

Tafasa lita ɗaya na cin gas wajen giram 14 zuwa 15 in babu iska kuma tukunya na rufe. Ke nan mai giram 230 zai tafasa maka lita goma sha biyar ko sha shida. Mutum ɗaya mai shayin safe da na dare da taliya sau ɗaya zai iya kwana biyar zuwa shida da shi.

Amma ga inda lissafin Turawa ke rushewa a wurinmu. In ruwan gulbi ko na rijiyar fadama za ka sha, dole ka tafasa shi, ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka. Lita huɗu na sha a yini sun cinye maka giram sittin tun ba ka ɗora tukunyar abinci ba, gwangwanin da ka yi wa lissafin kwana biyar ko shida sai ka ga ya yi shiru a rana ta uku. Tafasa ruwan sha aikin itace ne, ban taɓa yarda in ƙona gas a kansa ba sai dole.

Na karanta cewa gas ba ya ci da sanyi. Hunturunmu zai hana shi?

Ba zai hana ba. Biyuten da aisobiyuten da furofen su ne ire-iren gas ɗin da ake zubawa a gwangwani. Biyuten yana daina tashi ne in sanyi ya kai inda ruwa ke daskarewa, wajen digiri 0. Aisobiyuten sai digiri 12 ƙasa da sifili, furofen kuwa har 42 ƙasa da sifili. Daren hunturu mafi tsanani a bakin gulbi, wanda ke sa masunta su duƙunƙune a bargo, bai kusanci wannan ba. Abin da za ka iya gani da asuba shi ne wuta ta ɗan yi rauni in gwangwani ya kusa ƙarewa, domin gas na sanyaya gwangwaninsa yayin da yake fita. Rungume shi a cikin riga na minti biyu ya isa. Kada ka biya kuɗin gwangwanin da aka yi don masu hawan duwatsun ƙanƙara.

To zafin bazara fa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi. A jikin gwangwani an rubuta kada a bar shi a inda zafi ya wuce digiri 50. A Birnin Kebbi cikin Afrilu inuwa kanta tana haura digiri 40, balle but ɗin mota a rufe, ko saman jaka baƙa da aka ɗaure a bayan babur tun hantsi, ko rairayin bakin gulbi da azahar. Zafi na ƙara matsin gas a ciki, alamar farko kuma ita ce gindin gwangwanin, wanda aka yi shi a lotse, ya fara bultsowa waje. In ka ga haka, kai shi nesa da mutane da wuta, a inuwa, kada ka sake amfani da shi.

Ni a tsakiyar jaka nake sa nawa, naɗe cikin zanen rufa, in mun yada zango kuma a gindin itace yake zama. Wani abin lura: kada ka kewaye risho da gwangwaninsa gaba ɗaya da ƙarfen kare iska, kada kuma ka ɗora faffaɗar tukunya da za ta mayar da zafi ƙasa. Riƙa taɓa gwangwanin kana girki. In hannunka bai iya zama a kai ba, kashe.

Cikin iskar hunturu wanne ya fi?

Dukkansu iska na wahalar da su, sai dai wahalar ba iri ɗaya ba ce. Gas iska na karkatar masa da harshe, ya yi ta ci ruwa bai tafasa ba, ka yi asarar ninki biyu na abin da ka saba. Asarar kuɗi ce kawai. Murhun ƙirare kuwa iska na hura shi ya yi ta tartsatsi, kuma daga Disamba zuwa Afrilu duk ciyawar ƙasar nan ashana ce.

Na ga wannan da idona wata Fabrairu a wata fadama gabas da gulbi. Mun sauka kusa da inda aka tara busasshen karan shinkafa, na ga ai da tazara, taku goma sha wani abu. Na ɗora buta, na juya in ɗauko ganyen shayi, wata iska ta zo ta ɗebi tartsatsi ta watsa cikin ciyawar da ke tsakani. Kafin in miƙe, wuta ta yi faɗin tabarma. Da ɗanyen reshen sabara da ƙasa muka kashe ta, ni da abokan tafiya biyu, har takalmin ɗayanmu na roba ya narke a gefe. Mai gonar, wani dattijo, ya iso yana haki. Bai ɗaga murya ba, ya dube ni ya ce, “Ɗana, abincin shanuna na rani ne wanga. In ya ƙone, shayinka za su sha?” Na ce, “Baba, a yi haƙuri, kuskure ne.” Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya tsaya a nan har sai da ya ga na kwarara ruwa a tokar.

Tun ranar ga ƙa'idata. In da ƙirare zan yi girki, sai na share ƙasa fes, taku biyu ta kowane gefe, ko in sauka kan rairayi ko fako. Ruwa ko tarin ƙasa na kusa da hannu kafin in ƙyasta ashana. In iska ta kai ta ɗaga hula, ba na kunna itace sam, gas nake fitarwa in fake a bayan gindin itace ko jakunkuna. Bambancin da ya fi kowanne girma shi ne wannan: gas kana murɗa shi ya mutu nan take, rushi kuwa yana iya kwana a ƙarƙashin toka da ransa.

Da damina fa?

Gas, ba gardama. Daga Yuli zuwa Satumba ƙiraren da ke ƙasa jiƙaƙƙu ne, kana iya share rabin awa kana hura wuta idonka na hawaye. In dole sai itace, karyo busassun rassan da ke maƙale a jikin bishiya ba su taɓa ƙasa ba, ka fere bayansu, ka kuma riƙa tafiya da ɗan ƙunshin busassun ƙirare a leda. Guntun kyandir na taimakawa wajen tayar da wuta. Leda da roba kuwa kada ka ƙona su a ƙarƙashin abincinka, ko da ka ga masu shayi na yi.

Wane itace ya fi dacewa, wanne ne kuma ba a sawa?

Ƙiraren marke da ƙirya da bagaruwa suna da nauyi, suna daɗewa suna ci, suna barin garwashi mai kyau. Sabara da geza da kalgo su ne suka fi samuwa a hanya, suna kamawa da wuri. Karan dawa da na gero suna tashi fuu su mutu, sun dace da tayar da wuta ko tafasa kofi ɗaya, sai dai za ka gaji da zubawa. Busasshen kashin shanu, wanda ba a rasawa a burtali, yana ci a hankali kuma yana riƙe zafi, amma a ƙaramin murhu tokarsa na toshe ramukan iska, sai ka riƙa zazzagewa. Kuka ba itacen wuta ba ce, jikinta kamar soso yake.

Tumfafiya da tinya ka bar su inda ka gan su. Ƙaronsu dafi ne, yana ƙona ido, kuma hannun da ya karya su shi zai taɓa abinci. Sannan duk tarin itacen da za ka ɗaga, fara tura shi da sanda. Kunama da kububuwa ba sa sanarwa.

Zan iya dafa wake da shinkafa ko tuwo a kansu?

A nan ma ƙirare sun yi gaba. An ƙera rishon gwangwani ne don masu zuba tafasasshen ruwa a busasshen abincin leda su ci. In ka buɗe shi sosai, gwangwani mai giram 230 bai fi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Tukunyar wake guda, ko da ka rage wuta, tana iya lashe rubu'insa. In ka nace, jiƙa waken tun safe a cikin gora kana tafiya, ka jefa 'yar kanwa, in ya tafasa minti goma ka sauke ka naɗe tukunyar da bargo ta ƙarasa da zafinta.

Tuwo kuma matsalarsa tuƙi. Tukunya a saman kan risho a saman gwangwani hawa uku ke nan, muciya ɗaya za ta kifar da su. Murhun ƙirare ya fi zama daram, amma shi ma in ku huɗu ne ko biyar, ku nemi duwatsu uku kawai ku yi abin da iyayenmu ke yi. Ƙananan murahun nan na mutum ɗaya ne ko biyu.

Me zai hana in ɗauki ƙaramar silindar gida mai kilo 3?

In da babur kake, ko kwalekwale za ka shiga daga Yawuri, ɗauke ta. Ana cika ta a kowane babban gari, kuma gas ɗinta ya fi na gwangwani araha nesa ba kusa ba. A ƙafa kuwa ba za ta yiwu ba, ƙarfenta kaɗai ya fi gas ɗin da ke ciki nauyi. A cikin jirgin katako dai kada ka kunna itace.

A ina zan sami gwangwani in nawa ya ƙare a hanya?

Ɗauka cewa ba za ka samu ba. Mai bakin murɗawa ko a manyan birane sai an nema, yawanci ta intanet ake sayo shi, a kasuwar ƙauye kuwa ko sunansa ba a sani ba. Kuma ba a yarda a shiga jirgin sama da shi ba, ko a hannu ko a cikin kaya, saboda haka kada ka aiki ɗan'uwan da zai dawo daga waje ya taho maka da shi. Kan rishon zai iya kawowa.

Ana iya sake cika gwangwanin a wurin masu gas?

Za ka sami wanda zai ce zai iya. Kada ka yarda. Gwangwanin siriri ne, an yi shi don cikawa ɗaya da haɗin gas da aka auna masa. Gas mai furofen da yawa matsinsa ya fi ƙarfin wannan ƙarfe, kuma in aka cika shi maƙil ba a bar sarari ba, rana ɗaya ta bazara ta isa ta fasa shi.

In ana ruwa, zan iya girki a cikin tanti?

A'a, da kowannensu. Duk wutar da ke ci a rufaffen wuri tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce ke kashe masu kwana da garwashi ko janareto a ɗaki. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya ce bari in ɗan kishingiɗa. Yadin tanti da gidan sauro kuma narkewa suke yi su manne a fata. Yi girki a ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ko ka haƙura da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino har ruwan ya tsagaita.

Mai murhun itace ba yana taimaka wa hamada ba ne?

Tambaya ce mai kyau a jihar da ke cikin jihohi 11 na shirin dashen itatuwa don tare hamada, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015. Duk wanda ya bi ta ƙananan hukumomin Arewa da Dandi ya ga yadda daji ya yi fili. Amma abin da ke cinye itatuwa gatari ne da ramin gawayi da lodin itacen da ake kai wa birane. Murhun nan tafi biyu na busassun tsinkayen da suka faɗo da kansu ke tafasa masa lita guda. Sharaɗin shi ne kada ka sari ɗanye, kada ka taɓa shingen gonar mutane, kuma in ka ga an tara itace a gefen hanya, da mai shi, wata ce ta sha rana ta tara.

Hayaƙi ba ya jawo hankali?

Yana jawowa. Wutar itace da dare ana hango ta daga nesa, ƙaurinta kuma iska na kai shi inda ba ka zata ba. Gas ba hayaƙi, sai dai ɗan gurnani. Amma gaskiyar magana, in ka kai ga tunanin ɓoye wutarka don tsoron wanda zai gani, ba murhu ya kamata ka sake ba, tafiyar ya kamata ka fasa. Kowa ya san halin da wasu dazuzzukan ƙasar Zuru da iyakar Zamfara ke ciki. Mu ba ma kwana a wuri sai mun gaida maigari mun faɗa masa ko mu su wane ne, ya nuna mana inda za mu sauka.

Hayaƙin ma yana da ranarsa. Wani tsohon masunci da muka kwana kusa da shi ya daɗe yana kallon rishona, can ya ce, “Yaro, wanga abu naka ba shi da hayaƙi, to mi za ya kore muna sabro?” Ban sami amsa ba, sai na matsa kusa da wutarsa.

Dole sai na sayi na kanti?

Ba dole ba. Nemi gwangwanin abinci guda biyu, ba na gas ba, ɗaya ya shige cikin ɗaya da sararin yatsa a tsakani. Huda babban a kewayen ƙasa. Ƙaramin kuma huda gindinsa da yawa, sannan ka yi masa jeri ɗaya na ramuka kusa da baki. Kowane maƙeri zai haɗa maka su ya yi maka ƙafafu uku na ɗora tukunya. Ƙona shi wayam sau ɗaya tukuna, fenti da rufin cikinsa su tafi. Kwanon rufi kada a yi da shi, hayaƙin farin ƙarfen da aka shafe shi da shi yana sa zazzaɓi.

Yadda ake kunnawa shi ne abin da mutane ke kuskurewa. Cika shi da ƙirare a tsattsaye zuwa ƙasan ramukan sama, ka tayar da wutar a bisa, ta riƙa ci tana gangarawa. In ka kunna daga ƙasa kamar murhun gida, hayaƙi zai kore ka daga wurin.

Baƙin tukunya fa?

Shafa wa bayan tukunya jiƙaƙƙen sabulu kafin ka ɗora, baƙin zai fita da sauƙi. Ko ka ware mata buhunta ka bar ta da baƙinta.

Kai wanne kake ɗauka?

Duka biyun, amma ba a matsayi ɗaya ba. Murhun ƙirare shi ne na aiki: ruwan sha, wake, abincin dare. A gefen jaka kuma akwai kan risho da ƙaramin gwangwani mai giram 100, don shayin asuba lokacin da ake saurin kama hanya kafin rana ta ɗaga, da ranar iska, da ranar ruwa. Sau da yawa gwangwanin nan ɗaya na yi mini tafiya biyu. In kwana ɗaya ne tak, ko tsakiyar damina, gas kaɗai nake ɗauka.

Yaya zan san sauran gas nawa, kuma in ya ƙare ina zan kai gwangwanin?

Ɗora shi a sikeli tun yana sabo ka rubuta nauyin a gindinsa, bayan kowace tafiya ka sake aunawa ka cire. In babu sikeli, saka shi a bokitin ruwa a tsaye: cikakke yana nutsewa sosai, wanda ya kusa ƙarewa yana tasowa sama. Kafin kowace tafiya kuma shafa ruwan sabulu a mahaɗar kan risho da gwangwani. In ka ga kumfa na tashi, 'yar robar da ke ciki ta tsage, zafi da ƙura ne ke busar da ita, sai a canza.

Wanda ya ƙare kada ka yar a daji, kada ka jefa a wuta ko a bolar da ake ƙonawa, domin ragowar gas ba ta rasuwa kuma yara na tsintar irinsa. Dawo da shi gida, ka murɗa masa kan risho a fili ka kunna har wutar ta mutu da kanta, ka bar shi a buɗe na ɗan lokaci nesa da wuta, sannan ka huda gefensa ka ba 'yan gwangwan.